Katin da Manniru Ya Wanke

Idan ka sauka a bakin titin filin jirgi a Lugbe, ka tsallaka gada, ka bi layin masu tumatir har ka ji wani ɗan janareto yana tari kamar tsohon da ya ƙi barin taba, to ka iso rumfar Manniru mai caji. Rumfar katako ce, da allo mai ramukan caji sittin da huɗu, da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da robar taya. A gefe akwai tsohuwa da kula biyu, ɗaya zoɓo, ɗaya kunun aya. Ni ce tsohuwar. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga tafireta da jera fayil a ma'aikata. Da na yi ritaya 'ya'yana suka ce in zauna in huta. Na yi wata huɗu ina kallon fanka tana juyawa, na ce a'a, ban mutu ba tukuna, na ɗauki kulolina na fito.

Manniru mutumin Tungar Bawa ne, wani ƙauye can yamma wanda sai ka gaji da tambaya kafin ka same shi. Yana da shekara goma sha tara ya shigo Abuja da baro, yana tallar rake. Daga rake ya koma lemo, daga lemo ya fara zama a bakin rumfar wani mai caji, yana kallon hannunsa. Da mai rumfar ya koma garinsu, sai ya bar masa allon da janareton da tarinsa. Karatun boko bai wuce na gane lamba ba, amma ka ba shi waya ɗari, zai mayar wa kowa tasa ba tare da ya duba takarda ba. Ya ce waya kamar akuya ce, kowace da tabonta. Ni ina ce masa angona, tunda sa'an jikana ne, shi kuma yana ce mini Kaka idan yana son kunu, amarya idan ya riga ya sha.

"Kaka, wayar nan taki ta gaji. Ko salla za ta yi, a zaune za ta yi."

"Ta riga ka zuwa Abuja. Gaishe ta da ladabi."

"Batirin ya kumbura kamar ya ci wake."

"Kai ma ka kumbura, ban canza ka ba."

Bayan caji yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da finafinai a katin memori. Kuma yana da doka guda wadda ko gwamna bai isa ya karya ba: duk katin da aka miƙo masa, sai ya wanke shi tas kafin ya zuba komai, wato ya goge duk abin da ke ciki. Dalili kuwa, wata shekara wani ya kawo kati mai bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye masa tarin shekara uku a kwamfuta. Tun daga ranar hannunsa ya haddace abin. Ya sa kati, ya danna, ya danna, ya zuba. Yana yi yana hira, yana yi yana ba da canji, idonsa ma ba ya kan gilashin kwamfutar.

Ta ukunmu a wannan gindin rumfa ita ce Prudence, 'yar Kagoro, siririya mai gilashi. Aikinta rubuta manhaja ga wani kamfani da ke wata ƙasa, ba ta taɓa ganin ko ƙofarsa ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta a layinsu sai ga ta da kwamfuta a jakar baya, ta zauna a bencina tana kallon rubutu kala-kala tana tsaki.

"Yau kuma me ya ɓata?"

"Mama, tun safe nake neman kuskure ɗaya. Ashe waƙafi ne na manta."

"Waƙafi ɗaya ya hana ki cin abinci? Mu a zamaninmu farin ruwa muke shafa wa kuskure, mu hura masa iska, mu kai wa oga ya sa hannu."

"Shi ya sa har yanzu ake neman fayil ɗin fanshon babana."

Bakinta ya yi mini, shi ya sa nake ƙara mata ƙanƙara. Kullum cikin musu suke da Manniru. Ita ta ce ya riƙa ajiye kayansa a intanet don kada ya sake asara, shi ya ce abin da bai riƙe a hannunsa ba bai ajiye ba. Ita ta ce wayar da ba ta da kyamara uku ba waya ba ce, shi ya ce wayar da ba ta kwana uku da caji ɗaya abokiyar kasuwancinsa ce, Allah ya ƙaro irinta.

To amma akwai kati ɗaya da ba ya shiga layin wanki.

A Tungar Bawa babu sabis. Da akwai ƙarfen sabis a kan dutsen bayan gari, ɓarayi suka kwashe batiransa sau biyu, daga nan ba wanda ya sake zuwa gyara. Kusan shekara biyu ke nan. Sai Iyatu, matar Manniru, ta samo dabara. Tana da 'yar waya mai madannai, tana ɗaukar muryarta da ta mutanen gida a kan kati. Idan Hadi direba zai kawo wake da gero Abuja, sai ta ciro katin, ta naɗe a ƙyalle, ta cusa a ledar ƙuli-ƙuli. A bayan duk katin da ta aiko takan ɗiga jan farce don a gane shi. Manniru ya saurara, ya cika wani katin da tasa muryar ya ba Hadi. Kati biyu suna ta saɓani a hanya, wannan na zuwa wancan na komawa, duk bayan mako shida ko bakwai.

Da na fara gani dariya na yi, na ce ashe duniya da'ira take yi. Marigayi maigidana, lokacin da aka tura shi aiki Fatakwal, kaset yake aiko mini. Minti sittin, arba'in daga ciki bayani ne kan yadda za a kula masa da babur. Sauran ashirin ɗin kuwa ba ruwanku. Har yau kaset ɗin yana ƙasan akwatina, rediyon da zai karanta shi ne babu.

Ranar da kati ya iso, Manniru ba ya sauraro nan take. Sai bayan azahar, kasuwa ta lafa, ya sa abin kunne, ya juya wa titi baya. Ni ƙeyarsa kawai nake gani, amma ƙeya ma tana magana. Idan mahaifiyarsa ce, kansa yana sunkuyawa. Idan Iyatu ce, yana sosa kunne ɗayan. Idan kafaɗunsa suka tsaya cik, to Nana Aisha ce.

Nana Aisha 'yarsa ce ta fari. Tana wata biyar ya baro ta, yanzu ta haura shekara biyu, bai sake ganinta ba. Hanyar ba ta da daɗi, ga kuma tsoron rumfa: a bakin titin nan, wanda ya bar wurinsa mako guda zai dawo ya tarar wani yana soya doya a ciki, ya rantse tun kakansa yake nan. Duk abin da Manniru ya sani na 'yarsa a kunne ya san shi: kuka, dariya, gwaranci, atishawa. Magana dai bai taɓa ji ba, don yarinyar da ta ga an nufo ta da waya sai ta kulle baki. A katin da ya gabata Iyatu ta ce masa: "Bakinta fa ya buɗe, surutu kamar rediyo. Zan ɓoye wayar a ƙarƙashin faifai in kama maka ita."

Mako bakwai yana jiran katin nan. Har sabon abin kunne ya saya, bai ɓare ledarsa ba.

"Angona, ni da nake gabanka kullum ina surutu kyauta, ba ka taɓa sayen abin kunne domina ba."

"Ke auduga zan saya, Kaka."

Ranar Alhamis ce, tsakiyar damina. Tun jiya babu wuta a unguwar, mutane sun yi wa rumfar dafifi, kowa da waya a hannu kamar masu neman sadaka. Ruwa ya tsaya ke nan, janareto yana ihu. Sai ga Hadi a jiƙe sharkaf. Ruwa ya shiga ledar a hanya, ƙuli-ƙulin ya koma fate, shi kuma don kirki ya ciro katin daga jiƙaƙƙen ƙyallen, ya goge a rigarsa, ya ajiye a kan tebur, fuskarsa a sama, jan farcen a ƙasa. Ya ce, "Ga saƙonka," ya juya wajena yana neman zoɓo. Manniru bai ji ba. A daidai lokacin wani ɗan acaɓa ya ajiye nasa katin a gefe, yana cewa a cika masa da waƙoƙi masu zafi.

Ina wurin. Idona biyu. Har yau ina jin haushinsu.

Hannu ya yi abin da ya saba. Ya ɗauka, ya sa, ya danna, ya danna, ya fara zuba. Yana ta musu da wata mata kan caja. Can ɗan acaɓan ya ce:

"Oga, ga nawa fa a nan, ba ka ɗauka ba."

Manniru ya kalli tebur. Ya kalli kwamfuta. Ya fizge katin ya juya bayansa. Ɗigon ja.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya tsaya ne da katin a tafin hannunsa, abu bai kai farcen babban yatsa ba, yana kallonsa. Hadi ya fara salati, sannan ya ƙara mana da abin da ya rage: gadar da ke kusa da garinsu ruwa ya ci rabinta, shi ne na ƙarshe da ya haye da mota, ba zai koma ba sai bayan damina. Iyatu kuwa kai tsaye a kan kati take ɗauka, ba ta da wani a ajiye.

Ranar ce na fara ganin Manniru ya miƙa wa mutum wayar da ba tasa ba. Sau biyu. Na buɗe baki in tsokane shi, na laluba, ban sami komai ba. Ni da bakina bai taɓa yin hutun ƙarshen mako ba.

Wajen la'asar Prudence ta iso da jakarta. Ta dube shi ta dube ni.

"Wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ajiye jaka.

"Ina katin? Abeg, don Allah kada ka sake sa shi a komai. Ba ni nan."

"Na wanke shi," in ji Manniru. "Ni na san wankina. Ba ya barin komai."

"Oga Manniru, shekara nawa kana danna abin nan ba ka san me yake yi ba? Ba ya goge kayan. Jerin sunayensu kawai yake gogewa, sai katin ya ɗauka babu komai a cikinsa. Kayan suna nan sai an zuba wani abu a kansu."

Ya dube ni, alamar bai gane ba. Ni kuwa na gane sarai.

"Ka ga, angona, kamar ofishinmu ne. Wani sakarai ya ƙona rajista, amma fayiloli suna nan a kan kanta. Matsalar ita ce sabon ma'aikaci ya zo, ya ga rajista babu komai, ya fara watsar da tsofaffi yana jera sababbi."

"Wa ye sabon ma'aikacin?"

"Waƙoƙin ɗan acaɓa."

"Wa ye sakaran?"

"Sha kununka."

Prudence ta tambaye shi nawa ya zuba kafin ya cire. Ya ce ya kusa rabi. Ta ɗan ciji leɓe, ta ce ba ta yi alkawari ba. Ta sa katin a kwamfutarta, ta buɗe wata manhaja, wani koren layi ya fara rarrafe. Awa biyu da rabi ya yi yana rarrafen nan. Manniru ya durƙusa a gefenta kamar mai jinya.

"Me ya sa ya tsaya?"

"Bai tsaya ba, yana karantawa ne."

"Ko in ƙara wa janareto wuta?"

"Ka ƙara wa kanka haƙuri."

"Wannan kwamfutar taki mai tsada, ashe ita ma tafiyar Kaka take yi."

"Ni dai ina isa inda za ni," na ce.

Da layin ya cika, sai ga tarkace sun fito, fiye da ɗari, babu suna sai lamba. Muka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Waƙa. Waƙa. Rabin waƙa. Ƙara kamar ana soya gyaɗa. Sai muryar Iyatu ta faɗo daga tsakiyar magana: "...ta haifi biyu, amma ɗayan bai..." ta yanke. Har yau ba mu san ko akuya ce ko maƙwabciya ba. Sai mahaifiyarsa, tana cikin sa masa albarka kiɗa ya hau kanta. Manniru ya ce amin duk da haka.

Mun kusa ƙarshe Prudence ta ce, "Ga wani ƙarami, daƙiƙa goma sha huɗu."

Da farko motsin faifai. Kaza daga nesa. Sai Iyatu, murya ƙasa-ƙasa irin ta mai dabara:

"Nana, ina Baba?"

Sai wata 'yar murya, a shaƙe kaɗan kamar mai mura, amma kowace kalma a tsaye:

"Yana cikin waya."

"Me yake yi a ciki?"

"Barci. Ki tashe shi."

Iyatu ta fara dariya, kiɗan ɗan acaɓa ya rufe su. Shi ke nan.

Manniru ya yi dariya shi ma. Ya ce a sake. Aka sake. Ya ɓare sabon abin kunnen, ya juya mana baya, ya saurara ban san sau nawa ba. Prudence ta cire gilashinta tana gogewa, ta ce hayaƙin janareto ne. Na ce ƙwarai, hayaƙin nan ya dame mu duka. Da ya juyo, dariyar ta tafi.

"Kaka, kin ji? Wai ina cikin waya."

"To ƙarya ta yi?"

Na san na soke shi, kuma ban janye ba.

"Ita duk abin da ta sani, akwai wani ƙarfe da uwarta ke dannawa, murya ta fito ta ce Nana, Nana. Shi ne ubanta. Ka ƙara shekara guda, za ta fara kai wa wayar tuwo."

"Hanya ta yanke."

"Ta yanke wa mota. Hadi ya ce mutane suna hayewa da ƙafa su hau babur."

"Rumfar fa?"

"Ga ni."

Ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifa.

"Ke? Ko bambancin caja mai faɗin baki da mai siriri ba ki sani ba."

"Shekara uku ina zaune a nan ina kallonka, kana tsammanin kyawunka nake kallo? Na jera fayil ɗin ma'aikata dubu huɗu, ramuka sittin da huɗu ne za su gagare ni? Duk wanda ya zo da kaskon doya, da ludayi zan karɓe shi."

"Janareton fa? Igiyarsa sai da ƙarfi."

"Ni zan ja da safe," in ji Prudence. "Amma da sharaɗi. Yau sai ka bari na ajiye muryar nan a intanet."

"Ajiye," ya ce. "Ajiye a ko'ina."

Ranar Asabar ya tafi, da 'yar jaka da takalmin yara ja wanda ya saya da ƙiyasi. Na ce ya yi mata girma, ya ce za ta girma ta same shi. Ya bar mini doka goma sha ɗaya, na manta tara.

Yau mako biyar ke nan ina riƙe da rumfa. Sau ɗaya kawai na ba mutum wayar wani, kuma wadda na ba shi ta fi tasa, shi ya dawo da ita da kansa, Allah ya yi masa albarka. Tura waƙa dai na ce a jira mai shi. Ba na wanke wa kowa komai.

Shekaranjiya wani mai albasa daga ƙauyen da ke kusa da su ya tsaya yana tambayar tsohuwa mai baki. Aka nuno ni ba tare da shawara ba. Ya miƙo mini ƙyalle a ƙulle. Na juya bayan katin kafin komai. Ɗigon ja. Ban bari ya taɓa tebur ba har Prudence ta zo ta kwafe shi wuri uku.

Muryar angona ce, ta yi wani sanyi da ban san ta da shi ba. Ya ce ya isa lafiya, ruwa har ƙirji. Ya ce da ya shiga gida Nana Aisha ta ruga bayan uwarta, aka ce ga Baba, ta ce a'a. Kwana huɗu ba ta yarda ya taɓa ta ba. Sai ya zauna a tabarma, ya kunna tsohon saƙonsa a wayar Iyatu, wayar tana cewa Nana, Nana, shi ma yana faɗa tare da ita. Yarinya ta kalli waya, ta kalli bakinsa, ta sake kallon waya. A kwana na biyar ta sa hannu a kwanonsa. Amma har yanzu, in ji shi, da safe wayar take fara gaisarwa, sannan shi.

Daga nan ya ce, "Nana, zo ki gaida Kaka." Shiru. Kaza. Numfashin yaro kusa da waya. "Gaishe ta mana." Shiru. Ya yi dariya ya ce, "Ta ƙi, Kaka." Bai faɗi ranar dawowa ba.

Wannan shirun na fi maimaitawa. Ina jin numfashinta a ciki.

Ɗana na biyu yana can ƙasar sanyi, shekara shida. Duk abin da na aika masa, hoton babban yatsa yake maido mini, rawaya, ko farce babu. Jiya bayan azahar, da kasuwa ta lafa, na sa Prudence ta nuna mini inda ake dannawa a riƙe a ɗauki murya. Na juya wa titi baya na ce masa: yatsan nan na gan shi, yana da kyau, na gode. Yanzu ka buɗe baki ka yi mini magana, ko ta babur ce.